Garin da Kaka Tankari Bai Faɗa Ba

Litinin, 12 ga Mayu, 2025
Har yanzu ba fasfo. Tun da aka zare min jaka a Xintang, wajen masu ɗinkin jins, nake kwance a ɗakin Moussa a Xiaobei. Otal ba ya karɓar marar takarda, jirgin ƙasa ma haka. 'Yan sanda sun ce sai ofishin jakadancinmu ya aiko takardar tafiya, sannan su buga min izinin fita. Na leƙa ofishin 'yan sandan yau, matar da ke wurin ta ce da yarensu "mei you". Babu. Kalmar da na fi ji ke nan a garin nan.
Moussa ɗan Maraɗi ne, a masallaci kawai muka saba. Katifa ya shimfiɗa min, bai tambaye ni komai ba.

Alhamis, 15 ga Mayu
Gwaggo Lami ta kira daga Kano. Jikin Baba ya ƙara tsanani, ɓarin da ya shanye ba ya motsi, magana da ƙyar. Wai abu ɗaya yake ta maimaitawa: garin babansa. Kaka Tankari ya je yaƙin Bama, ya dawo ya zauna a unguwar Birget a Kano, har ya rasu bai taɓa faɗin inda aka haife shi ba. Zanen fuskarsa na Gobirawa ne, iyakar saninmu ke nan.
Ta ce, "Abdulgafar, kai ne mai boko, kuma a zaune kake. Ka nemo masa."
A zaune nake, ba ta yi ƙarya ba.

Asabar, 17 ga Mayu
Gwaggo ta turo hotunan littafin sallamar Kaka daga soja. Gara ta ci rabi. Suna: Tankari Kano. Ashe garin da mutum ya shiga soja suke liƙa masa. Akwai lambarsa, na tura wa ma'ajiyar tarihi ta Ingila.

Laraba, 21 ga Mayu
Ruwa tun safe. Ban sauka ƙasa ba, ana duba takardu a bakin layi.

Juma'a, 23 ga Mayu
Turawan sun amsa cikin ladabi: bayanan sojojin Afirka ba sa wurinsu, in tambaya a gida. Mutum ya haye teku ya yi musu yaƙi, ko sunan garinsu ba su riƙe ba. Na yi jifa da wayar kan katifa. Moussa ya ɗauka, ya yi ta buɗa hotunan. A shafin ƙarshe, wajen magaji, an rubuta: uwa, Altine, Tibri. Na gani tun ranar farko, na ɗauka wani ƙauye ne a Sakkwato.
Ya ce, "Tibiri ce wannan. Kusa da mu take. Kakanka namu ne."
Ban ji daɗi ba. A nan kaɗai zan iya faɗa. Ni Bakano ne.

Talata, 27 ga Mayu
Ƙanwar kakar Moussa, Hajiya Ramatou, a Tibiri take aure tun tana yarinya. Ya sa an kai mata tambayar, yau muryarta ta iso. Tsohuwa tukuf, Hausarta sai na kasa kunne sosai.
"Tankarin Altine? Wanda ya gudu daga aikin tilas na Faransa? A, mun ji labarinai. Da ya tsere Ingilishi, can ƙasarku, sai anka kama ƙanenai Babayo a madadinai. Babayo bai komo ba. Tankarin ma bai komo ba. Altine har ta mutu ba ta yarda anka rushe ɗakinsu ba."
A ƙarshe ta ce jikokin 'yar'uwarsu suna nan, in akwai wanda ya rage ya zo a gan shi.
Na shiga banɗaki na daɗe. Ɗakin ba shi da wani wurin ɓuya.

Laraba, 28 ga Mayu
Watakila wani Tankarin ne. Suna da yawa a can, Moussa da kansa ya faɗa.

Juma'a, 30 ga Mayu
Gwaggo ta kara wa Baba wayar a kunne. Na ce, Baba, Tibiri ne, ta wajen Maraɗi, sunan mahaifiyarsa Altine. Sai na ji Gwaggo ta fashe da kuka. Babbar yayarsu marigayiya sunanta Altine, kuma ba ranar Litinin aka haife ta ba, kowa ya sha tambayar dalili.
Baba ya ce, "Yana da... 'yan'uwa?"
Na ce akwai ƙane, Babayo. Ban ƙara komai a kai ba. Ban sani ba ko na kyauta.

Litinin, 2 ga Yuni
Mei you.

Alhamis, 12 ga Yuni
Takarda ta fito, sun buga izinin. Jirgi ranar Lahadi. Baba yana nan da rai, alhamdu lillahi, ya sha kunu jiya.
Na gaya wa Moussa ba ni da lokacin yawo, kaya na jira a kasuwar Kwari, ga jinya. Ya ce to. Muna cin shinkafa na tambaye shi ko hanyar Jibiya ta fi sauƙi, da kuma me ake riƙe wa tsohuwa in za a je gaishe ta. Ya ce turare da atamfa, yana ta murmushi.
Tambaya kawai na yi. Atamfar ma da araha na gan ta a ƙasan beninmu, shuɗiya.