Gwiwar Maman Yara

Litinin, 3 ga Maris
Autarmu ta kawo mai tausa gida, wai likita ya ce a riƙa yi wa gwiwar Maman yara a kai a kai. To ni da nake shafa mata man zafi kullum bayan la'asar, fenti nake yi? Lokacin ne kaɗai muke hira mu biyu, ba talabijin, ba jikoki. Aka ce in koma falo. A gidana.

Alhamis, 6 ga Maris
Ina jiyo dariyarsu ta bayan ƙofa. Rabon da ta yi mini irin wannan dariya har na manta.

Asabar, 15 ga Maris
Ta hau bene ba ta dafa kafaɗata ba. Kumburin ya saɓe, barci kuwa har da minshari. Na ce madalla. "Hannun yarinyar nan akwai albarka," in ji ta, tun safe take nanatawa. Kishi nake, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Kwalbar maina na kan taga, ta yi ƙura.

Laraba, 19 ga Maris
Na ce wa mai tausar ai ni ma na iya. Ta miƙo filo, ta ce in gwada. "Kai, Baba, haka kake danna Mama?" Yarinyar da na yi jika da ita.
Da ta tafi na tambayi Maman yara. Ta ce, "Da zafi mana, Malam. Hannun kafinta gare ka." Na ce me ya hana ki faɗa? "In na faɗa ai dainawa za ka yi, ka koma wa rediyonka."
Na tashi na fita.

Lahadi, 30 ga Maris
Na tsaya gyaran sakatar ɗakin, alhali lafiyarta ƙalau. A hankali yarinyar take yi, da tafin hannu, daga ƙasa zuwa sama. Ba wani abin a zo a gani ba ne.

Talata, 8 ga Afrilu
Yau ba ranar mai tausa ba ce. Bayan la'asar Maman yara ta miƙo ƙafa. Na goge kwalbar. Ina tsakiyar ba ta labari sai na ji minshari. A hannuna. Ban motsa ba har cinyata ta yi tsami.
Gobe yarinyar za ta zo. Akwai abin da take yi a bayan gwiwa, ban gani sosai ba. Sakatar nan dai ba ta gyaru ba tukuna.