Yatsan da Ya Hana Ni Ɗaukar Jikata

Litinin, 3 ga Maris
Autata ta iso da jaririyarta, sati biyu za su yi mana. Ni kuwa ƙurjin zazzaɓi ya fito min a leɓe, ga babban yatsa ya kumbura yana zugi. Na miƙa hannu zan karɓi jaririyar, Auta ta ja da baya. "Mama, bari likita ya gani tukuna." Yarinyar da na goya!

Talata, 4 ga Maris
Likita ya tambayi sana'ata, na ce ɗinki. Wai ina lasar zare kafin in zura a allura? To da me zan jiƙa shi? Ya ce ƙwayar cutar leɓen na kai wa yatsan, ta inda allura ta soke ni. Kada a tsaga. Babban mutum yana warkewa, amma jariri tana iya kashe shi. Ba ɗauka, ba sumba, sai ya bushe sarai. Na ce to. A raina na ce iyayi ne kawai.

Alhamis, 6 ga Maris
Ina jin kukan jikata daga ɗakin ɗinki. Na kasa taka keke.

Lahadi, 9 ga Maris
Maigida, wanda bai taɓa ɗaukar 'ya'yansa suna jarirai ba, wai kada su karye, shi ne yanzu mai reno. Yana tsayawa da ita a bakin ƙofata yana ba ni rahoto. "Nauyinta kamar burodi biyu. Kuma goshinki ta kwaso, Allah sarki." Na jefe shi da ƙyalle. Na yi dariya, sai ga hawaye. Ina son yarinyar nan har ƙirjina yana ciwo.

Laraba, 12 ga Maris
Leɓe ya warke. Yatsa yana nan da taurin kansa. Auta ta ce gado ya yi.

Asabar, 15 ga Maris
Sun tafi. A bakin mota Auta ta dubi bandejina, idonta ya kawo ruwa, ta miƙo min jaririyar. "Mama, karɓi, minti ɗaya ba komai."

Amma tun da safe na duba yatsan, gefen farcen da sauran danshi. Ban san lokacin da na mai da hannuwana baya ba. Na ce ke, kina da hankali kuwa? Rufe min jikata ki shiga mota.

Ƙafarta ɗaya ta fito daga tawul. Maigida ne ya mayar.