Hannunka na Dama, Yaya Arzika

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana kuma malamina, Mushe Arzika, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ƙane yake yi wa wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa a inda ka koma. Ni ne Nomau. Yau kwana arba'in da muka rufe ka, kuma akwai maganar da na riƙe tun muna samari ban faɗa maka ba. Na san ƴaƴanka da nawa za su karanta wannan takarda. Su karanta, gara su ji daga bakina.

Ka tuna yadda wasan gora yake a garinmu kafin ka sa masa hannu. Idan an gama shigar da gero rumbu, samarin unguwa biyu su fito fili, kowa da gorarsa mai lanƙwasa a kai, a jefa ƙodagon goruba a tsakiya, sai duka. Babu iyaka, babu adadin mutane, babu mai raba faɗa. Wanda aka samu a ƙauri ya ɗingisa ya tafi gida uwarsa ta gasa masa. Kawu Gado, ƙanen Inna, a nan ya bar haƙoransa biyu na gaba, kuma yana alfahari da giɓin.

Da aka ba mu mulkin kai, kana sabon mushe a Dogon Dutsi, sai aka ce makarantu su nemo wasannin gida su haɗa da na Turawa. Kai ka kawo wasan gora, amma ka ce ba za ka shigar da shi lakwal, wato makaranta, da jininsa ba. Ka zauna ka rubuta masa dokoki. Mutum tara kowane gefe. Turke biyu a kowane ƙarshen fili, in ƙodago ya bi tsakaninsu an ci. Ba a dukan ƙafa, ba a saƙale gorar wani ta baya. Babbar dokar, wadda ka ja wa layi biyu, ita ce gora ba ta wuce kafaɗa. Wanda ya ɗaga ta sama da kafaɗarsa ya fita fili, in ma ya ci, cin bai shiga ba.

Ka zo hutu ka karanta mana su a gindin gawon ƙofar gida. Na yi dariya, na ce ka mayar da wasan maza na ƴan mata. Ba ka yi fushi ba. Ka ce, "Nomau, gora ba ta da hankali, ƙodago ba shi da hankali. Kai kaɗai ne mai shi a filin nan."

Shekarata goma sha shida a lokacin, ina ajin ƙarshe a lakwal ɗin garinmu, don an sa ni a makare. Na fi kowa a ajin ƙarfi, kuma na san haka. Duk ranar Alhamis da ba a shiga aji, mu tafi wani gari ko wani gari ya zo mana. Muka yi ta ci har makarantu huɗu suka rage. Daga nan ka ce tsarin ya sake, wanda aka ci sau ɗaya ya koma gida, sai baɗi.

Muka haɗu da yaran Dumega. Wani tsohon mushe mai raunin ido ne ya yi alƙalanci. Sau biyu na ɗaga gora har saman kaina bai busa usur ba. A na biyun na sauke ta a kan hannun wani yaro, ɗan yatsansa ya juya baya. Muka ci su. Mutanen garinmu suka ɗauke ni a kafaɗa, makaɗi yana kiran sunana da na kakanmu. Bayan kwana biyu saƙonka ya iso ta bakin direban mota: "A ce wa Nomau na ji abin da ya yi. Ni idona yana gani."

Wasan ƙarshe ya faɗo tsakaninmu da Gesheme, a filin da ke gindin dutse can Dogon Dutsi. Aka ce kai za ka riƙe usur, tunda kai ka rubuta dokokin kuma ba ka koyarwa a ɗaya daga cikin makarantun biyu. Diraktan makarantar Gesheme ya ƙi, ya ce ƙanenka yana cikin masu wasa. Ka ce masa, "In na shiga fili ba ni da ƙane." Ya yarda. Mutanenmu kuwa suka ɗauka magana ce ta fatar baki, suka yi ta murna wai alƙali namu ne.

Zafi ya fara shigowa a lokacin. Tun hantsi mutanen garinmu suke isowa, wasu a ƙasa wasu bisa jakuna, manya da yara, kowane namiji da sandarsa kamar yadda aka saba in za a yi tafiya. Na Gesheme ma haka. Igiya ɗaya aka ja ta zagaye fili, ita kaɗai ce tsakaninmu da su.

Akwai wani dogon yaro mai tsaron bayansu, Tankari sunansa, ba shi da yawan magana. Duk inda na bi ina samunsa a gabana. Bai taɓa ƙafata ba ko sau ɗaya, ƙodagon kawai yake ɗaukewa ya bar ni ina dukan ƙasa. Suka ci biyu, muka ci biyu, ba ni na ci ko ɗaya ba. Ina jin Kawu Gado daga bakin igiya yana tambayata ko na bar ƙarfina a Dumega ne.

Saura kaɗan a tashi, ƙodago ya bugi wani dutse ya yi sama daidai kaina, turakunsu suna gabana, Tankari yana gefena. Yaya, na sani. Na yi shekaru ina cewa hannuna ne ya kuɓuce, ƙarya nake yi. Na tuna dokar, na tuna kana bayana, na ɗaga gorar da hannu biyu na buga iya ƙarfina. Ƙodago ya bi tsakanin turaku. Kan gorar kuma ya wuce ya sami Tankari a idon hagu. Ya durƙusa ya rufe fuska da tafin hannu, jini yana fitowa ta tsakanin yatsunsa yana bin gwiwar hannunsa.

Gefenmu ya ɗauki ihu da guɗa. Cikin ihun na ji usur ɗinka, dogo, sau uku. Ka nuna wajen fili ka ce, "Babu ci. Nomau, fita."

Ban fita ba. Ka tako har gabana, ka miƙo hannunka na dama ka ce in ba ka gorar. Ta bayana ina jin muryoyin da na sani tun ina ƙarami suna cewa ka ci amanar gari, ka kunyata gidanku a gaban baƙi. Na dubi hannun nan da ka miƙo, na ja baya taki ɗaya, na sauke maka gorar tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Na ji ƙarar ƙashin. Hannun ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Ba ka yi ƙara ba. Ka dube ni, sannan ka juya ka nufi inda Tankari yake durƙushe.

Daga nan igiya ta faɗi. Mutanen Gesheme da suka ga idon ɗansu suka kwararo cikin fili, namu ma suka kwararo. Sanduna suka tashi, aka shiga ɗebo duwatsu daga gindin dutse. Na ga diraktanmu ya ɗaga hannu zai raba, aka fasa masa goshi, jini ya rufe masa tabarau. Na ga Kawu Gado yana dukan wani mutum da ya riga ya faɗi, yana duka yana sake duka. Wani ya tumɓuke turken fili yana wurwura shi, ya sami wani dattijon garinmu a ƙugu, bai sake tafiya daidai ba har ya mutu. Ƴan makaranta suka watse, wasu suka haye dutse, mata suna kiran sunayen ƴaƴansu. Ni kuma ina tsaye da gora a hannu, ina dukan duk wanda ya matso. Sai wani abu ya same ni a ƙeya, ban sake sanin komai ba.

A barandar asibiti na farka. Aka ce sai da jandarmomi suka zo da bulala kafin aka rabu. Kana kwance a can ƙarshen barandar, an naɗe maka kai, kunnenka na hagu yana tsiyayar jini, haƙarƙarinka biyu sun karye ban da hannun. Tankari yana ciki, idon ya tafi. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ban matso kusa da kai ba.

Sufeton makarantu ya nemi rahoto daga gare ka. Dattawan gari suka zo suka ce ka faɗa masa cikin hargitsi ba ka ga wanda ya fara ba. Inna ta zauna a ƙasa kusa da gadonka tana kuka tana roƙonka. Ka ce mata, "Inna, in na ɓoye shi, mi zan hwaɗa ma uwar Tankari?" Da yake ba ka iya riƙe alƙalami, wani mushe ya rubuta kana faɗa, ka ambaci sunana da abin da na yi wa yaron da wanda na yi maka, ba ka rage ba ba ka ƙara ba. Aka kore ni saura wata biyu jarrabawar satifika. Aka kuma hana wasan gora a makarantu, aikinka duka ya tafi tare da ni.

Na gaya wa kaina kai ka cuce ni. Na ce taurin kanka ne ya tayar da faɗan, shi ya jawo maka dukan taro, kuma ka huce a kaina. Da wannan maganar na bi ƴan cin rani ta Kamba na gangara kudu, na yi shekara goma sha biyu ban taka gida ba. Takardunka suna iso mini ta hannun direbobi, rubutun a karkace kamar na ɗan ajin farko, don da hagu kake yi. Ka ba ni labarin damina, da wanda ya yi aure, da wanda ya rasu. Ina karantawa in ninke in ajiye. Ban amsa ko ɗaya ba.

Ciwon Inna ne ya dawo da ni. Ka tare ni a ƙofar gida, ka miƙo mini hannun hagu, ka juyo da kunnen dama ka ce, "Ta nan za ka yi mini magana, wancan ya yi ritaya." Ka yi dariya, ni ban iya ba. Na ga hannun daman ya shanye, yatsun ba sa rufuwa. Daga ranar muka zauna kamar kowane wa da ƙane. Kai ka raɗa wa ɗana na fari suna. Ni nake nome maka gona duk damina tunda ba ka iya riƙe hauya. Na ɗauka noman nan ya isa ya zama ban haƙuri, ban taɓa buɗe baki na ce ka yafe mini ba. A ƙasan zuciyata ma ina nan ina cewa hannun laifina ne, amma kunnen kai ka jawo wa kanka.

Ranar addu'ar uku wani dogon tsoho mai ido ɗaya ya shigo da sallama, ya ce daga Gesheme yake. Ban buƙaci a faɗa mini sunansa ba. Ya yi ta'aziyya, ya yi maka addu'a mai tsawo, da zai tafi ya ce in taka masa. A bayan gari na tsaya na roƙe shi gafara. Ya ce ya daɗe da yafewa, don tun kana ɗaure da hannu ka je har gidansu ka durƙusa gaban iyayensa a madadina.

Sannan ya faɗa mini abin da ban sani ba. Ya ce da idonsa guda ya gani, yana kwance kusa da ni. Da na faɗi, ƴan uwansa huɗu suka tsaya a kaina da sanduna, kuma kashe ni suka yi niyya. Sai ka taso da karyayyen hannu yana lilo, ka kwanta a kaina ka rufe ni da jikinka. Suka ce ka tashi, ba da kai suke ba. Ka ce, "Sai kun gama da ni tukuna." Suka yi ta dukanka a baya da haƙarƙari da kai, ba ka motsa ba har jandarmomi suka iso. Ya ce daga baya ka bi waɗanda suka gani ɗaya bayan ɗaya ka roƙe su kada su gaya mini, wai in na ji, kunya za ta hana ni dawowa gida har abada.

Na zauna a bakin hanya bayan ya tafi. Shekara da shekaru ina zagayowa gefenka na dama in yi maka magana, ban san a kaina ka rasa ɗayan kunnen ba.

Yaya, ga abin da ya kamata in faɗa tun a barandar nan. Hukuncinka daidai ne, cin nan bai shiga ba. Ni na fasa idon Tankari, ni na karya maka hannu ina sane, ni na jawo duk jinin da ya zuba a filin. Ka yafe mini, ɗan uwana. Na san ka riga ka yafe tun ban nema ba, amma ina son a ji na nema.

Allah Ya jiƙanka, Ya yi maka sakayya da abin da ya fi wanda ka rasa saboda ni. Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljanna. Ya tashe ka da hannu biyu lafiyayyu da kunne biyu masu ji. In kuma Ya ƙaddara mini in iso inda kake, Ya ba ni ikon faɗa maka wannan magana ido da ido. Amin.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Nomau