I'inar Yaya a Kan Kiɗa

Litinin, 3 ga Maris
Yaya ya shigo ɗakin haɗa kiɗana da takalminsa, ya tsaya a kan wayoyi. Wai Umma ce ta turo shi ya yi mini faɗa. Shekara goma sha biyu ke nan da ya zuba kaset-kaset ɗina na hip-hop a bokitin wanki, har yau bai gaji ba. Ya nuna kwamfuta ya ce, "Wannan ba-ba-ba-ba sana'a ba ce." I'ina ta riƙe shi har jijiyar wuyansa ta tashi. Bai san makirufo a kunne yake ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na yanko muryar. Ba-ba-ba-ba, huɗu cif, sun hau kan ganga kamar an auna. Na yi dariya har da hawaye. Waɗanda suka fara wannan kiɗa, daga tsofaffin faya-fayan iyayensu suke yanko wuri mai daɗi su yi ta maimaita shi. Ni ban gaji faifai ba, Yaya na samu. Kowa da abin da Allah ya hore masa.

Juma'a, 14 ga Maris
Gatari, mawaƙin da nake haɗa wa kiɗa, ya ji. Ya dafe kai ya ce, "Mutumina, muryar wa ce wannan?" Na ce wani malamin makaranta ne. Bai ƙara tambaya ba, ya ɗora baitoci a kai. Muryar Yaya ce amshi.

Asabar, 29 ga Maris
Waƙar ta fita. A shagon aski na ji ta, na ji ta a motar haya. Yau ne na san na iya.

Talata, 8 ga Afrilu
Matar Yaya ta zo, ko zama ba ta yi ba. Wai ɗalibansa sun gane muryar. Da ya juya zai yi rubutu a allo sai su fara buga tebur, ba-ba-ba-ba, aji guda. Ta ce shekara tara bai yi i'ina a aji ba, kullum da safe a gaban madubi yake gwada darasi. Yanzu ko kiran suna ba ya iya ƙarasawa. "Ka ji tsoron Allah, ɗan'uwanka ne fa."
Na ce mata ai na sa shi ya yi suna, kyauta ma.
Lokacin da yake murza kaset ɗina a cikin kumfa ina kuka, wa ya tuna masa da 'yan'uwantaka? Ramin ƙeta ya gina, shi ya san zurfinsa.

Lahadi, 20 ga Afrilu
An cire shi daga aji, an mai da shi ɗakin ajiye littattafai. Can dama ba a son magana. Ya dace.
Umma ta daina amsa gaisuwata. Ta dai turo mini kwanon abinci da ƙafa.

Asabar, 3 ga Mayu
Wasan Gatari a babban fili da la'asar, mutane ba masaka tsinke. Ni ne a kan na'ura. Da aka zo amshi na sauke muryar Yaya gaba ɗaya. Hannuna ne ya zame, ina jin.
Hakan bai canza komai ba. Jama'a suka cike gurbin da bakinsu, ba-ba-ba-ba, dubban mutane, har da masu ƙwaɓe fuska suna miƙa wuya irin yadda yake yi. A ina suka gani? Gatari ya ɗauka dabara ce, ya ce kullum a riƙa yin haka.

Lahadi, 4 ga Mayu
Na bi ta gidan Yaya, hanya ce ta bi da ni. Na cire takalmi a bakin ƙofa. Ya nuna mini kujera da hannu, ya zuba mini ruwa. Na ce, "Yaya, ba za ka yi mini faɗa ba?" Ya buɗe baki, ya dubi aljihuna inda waya take, ya rufe.
Na fitar da ita na kashe a gabansa. Na zauna awa guda ina jira. Ko sau goma zai maimaita, da na jira ya ƙarasa.
Bai ce komai ba.
Da na dawo na goge muryar daga kwamfuta. Wuri take ci, shi ke nan.