Awon da Kika Aiko

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Yadin da kika aiko ya iso, tare da wasiƙarki da sabon awonki. Na karanta inda kike murna wai kin rame ba tare da kin sha wahala ba, har kina tsokanata in zo in koyi sirrin. Wallahi ban yi dariya ba. Inci huɗu a ƙugu cikin wata uku, Yaya! Ni ce fa na riƙa rage wa Baba wandunansa a kan wannan keken ɗinkin nawa, muna cewa tsufa ne, kafin a gano ciwon suga ya ci ƙarfinsa. Kin san yadda aka ƙare da ƙafarsa. Kuma ke da bakinki kika ce ƙishirwa ba ta barin ki.

Na kasa zama, na je na sami likitan da ya duba Baba. Ya ce gado yana da hannu, amma ba shi kaɗai ke aiki ba: ga Baffa, uwa ɗaya uba ɗaya da Baba, har yau yana noma, ciwon bai taɓa shi ba. Ya tambaye ni irin aikinki. Na ce da kina taka sayyada zuwa makaranta, yanzu kuwa kujerar ofis ce daga safe har yamma, ga kwalbar lemo a gefe. Sai ya ajiye biro, ya ce kada a kai mako ba a gwada jininki ba. Ni ma ya gwada ni, nawa yana bakin iyaka, na daina sa suga a shayi.

Na san halinki, za ki ce na cika tsoro. To, ina tsoro, kuma Inna ba ta sani ba tukuna.

Ki gaishe da maigida, da takwarar Inna, da ɗan autanki sarkin rigima. Yadinki yana nan a ninke cikin akwati. Ba zan sa masa almakashi ba sai na ga takardar asibiti.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai ɗinki