Na Bari 'Yar Baffana Ta Ci Naman Alade Ina Kallo

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni.

Wata rana a Singapore, ƙarfe ɗaya da rabi na rana, komai ya fara lalacewa. Ni ɗaliba ce a nan Madina, a unguwar Harra ta Yamma aka haife ni, kakanninmu ne suka zo Hajji suka zauna. Jami'armu ta tura mu taron ɗalibai a Singapore, mahaifina ya ce sai da rakiya, aka haɗa ni da 'yar baffana, bari in kira ta Nuha. A gidan kakarmu muka tashi, a faranti ɗaya muke cin abinci tun muna yara, don Kaka ba ta yarda jikokinta su raba kwano. Ni ba ni da magana, karatu kawai na iya. Ranar da na hau gabatar da aikina murya ta maƙale, na yi ta in'ina har aka ce in zauna. Muna fitowa Nuha ta tsaya gaban sauran 'yan matan ta kwaikwaye ni, har da rawar hannu. Suka yi ta dariya. Ni ma na yi murmushi, me zan ce?

Daga nan muka shiga kasuwar abinci, rumfuna a jere ƙarƙashin rufi ɗaya. Ni ce mai duba abinci, don ni ke karanta Turanci, kuma na san rumfar halal tana da takarda maƙale a gaba. Nuha ta tsaya gaban wani tsoho mai zuba taliya, yana ɗora mata nama da aka dafa cikin baƙin romo har ya yi lugub. Ta kira ni da sunan tsokana, ta ce, "Ya Kurma, duba mana, halal ne?" Babu takarda. Na karanta allon sau biyu, naman alade ne a rubuce ɓaro-ɓaro. Na ce mata, "Ci abinki." Ta turo min kwanon tsakiyarmu kamar yadda muka saba, na ce cikina ne ke ciwo. Na zauna ina kallo ta ɗauki hoton abincin ta ɗora a shafinta, ta cinye, ta ɗaga kwanon ta shanye romon. Wallahi daɗi na ji. Wace irin zuciya ce wannan?

Bayan mun dawo, saura kaɗan a ɗaura mata aure da wani ɗan unguwar Al-Sih. Ƙanwar angon ta yi karatu a can ƙasashen, tana ganin hoton ta gane abincin. Uwarsa ta zo gidanmu da kanta, ta ƙi shan ko gahawa. Nuha tana kuka tana cewa, "Wallahi ban sani ba, ku tambayi 'yar'uwata, ita ba ta kuskure." Duk suka juyo gare ni. Da na ce ban duba da kyau ba, da magana ta mutu, kowa ya san babu laifi ga wanda bai sani ba. Amma na tuna dariyar nan. Na sunkuyar da kai na ce, "Na faɗa mata, ta ce ai ba wanda ya san mu a nan." Wa zai ƙaryata ni? Ni da ko ɗaga murya ban taɓa yi ba? Nuha ta kalle ni. Uwar angon ta ce, "Kalas, magana ta ƙare," ta ɗauki jakarta.

An fasa auren. Yanzu an ware wa Nuha kofinta a kicin, yaran unguwa suna yi mata gurnanin alade idan ta wuce. Ta daina fita, ko Masallacin Harami ba ta zuwa. Ni kuma ana nuna ni a matsayin yarinyar kirki. Idan na faɗi gaskiya mahaifina ba zai ƙara kallona ba, idan na yi shiru Nuha ta ƙare. Me zan yi?

Shekaranjiya Kaka ta kira ni ɗakinta, ta ce in buɗe mata hoton. Ta kai shi dab da idonta, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Tsinken cin abinci na mutum ɗaya nake gani. Ke me kika ci?" Na ce cikina ne ya yi ciwo. Ta ce, "Ko zazzaɓi kike yi sai kin sa hannu a kwanonta. Ranar ce kawai kika janye." Na fashe da kuka, na yi mata tambayar da na yi muku. Ta miƙo min wayar ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce, "Ita Nuha ta kuskure bakinta da ruwa ta gama, jikata. Ke da me za ki wanke naki?"