Rabin Kujerar Direba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai matan direbobi a nan da suka san ni ido da ido. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a wuya, kuma a unguwarmu duk wadda na faɗa wa, maganar za ta riga ni komawa gida.

Ni tela ce a Kwararafa, nan Jos, ina ɗinkin mata a ɗan shagon da ke jikin gidanmu. Mijina direba ne, yana lodi a wajen Tina Junction zuwa ƙauyukan da ke bayan duwatsu, yawancin fasinjojinsa mata ne manoma masu kawo dankali da kabeji da tumatir, da yamma su koma da gishiri da sabulu da maganin yara. Motar ta gado ce, mahaifinsu ya bar musu shi da yayansa, Yaya yana sana'arsa a kasuwar Katako, mijina kuma shi ke tuƙi. Tun kafin ya aure ni yake bayan sitiyari, bai iya komai ba sai shi, ko ƙusa ka ba shi ya buga a bango sai ya lanƙwasa ta.

Wanda bai saba shiga motar ƙauye ba bari in yi masa bayani. Idan mota ta cika, baya ya cika, gaba an zauna mutum biyu, sai kuma ga wani ya rage a tsaye da kayansa, to direba ne yake matsawa ya ba shi rabin kujerarsa. Fasinjan ya zauna ta wajen giya, shi direban ya manne da ƙofa, rabin jikinsa a kan kujera rabi a kan ƙarfe, ƙafar dama a miƙe a karkace don ta kai birki, hannu kuma ya tsallake gwiwar mutum ya sa giya. Haka mijina ya yi shekara da shekaru yana zama a kan hanyar da rabinta ramuka ne. Wasu direbobin don ƙarin kuɗin mutum ɗaya suke yi, ba zan ce nawa mijin waliyyi ba ne, amma shi abin da ya fi cinsa shi ne ba ya iya tayar da mota ya bar mutum a tsaye yana kallonsa, musamman lodin ƙarshe na yamma, wanda in ka rasa shi sai gobe.

Ciwon ya fara ne daga ƙugu. Ya dawo yana tafiya a karkace kamar wanda ya ɗauko jarkar ruwa a hannu ɗaya, ina tsokanarsa ina cewa tsufa ne ya zo ba sallama, yana dariya. Ranar da na leƙa kujerar na ga abin da yake zama a kai, dariyar ta ɗauke min. Soson ya mutu, ya lotsa ta gefe ɗaya, sifirin ya ɓullo, ya shimfiɗa kwali a ninke, ya ɗora guntun katakon da ya samo a wajen Yaya, ya rufe da tsohon bargo. Na zauna na ɗinka masa matashi mai tauri da audugar rimi, daidai faɗin ƙugunsa, na sa masa igiya ya ɗaure a jikin kujera. Ba a daɗe ba na tambaye shi ina matashina, ya sosa ƙeya ya ce ai mai zama a kan birkin hannu ya fi shi bukata. Na yi faɗa ranar, na ce masa ni ba fasinja na aura ba, ya ce in yi haƙuri, na sake ɗinka wani, shi ma hanyar ɗan uwansa ya bi.

Daga baya ciwon ya gangaro cinya har zuwa yatsun ƙafar dama, yana cewa kamar ana tsira masa allura, wani lokacin kuma ƙafar ta sage gaba ɗaya. Sallah ta gagare shi a tsaye, mutumin da yake sahun gaba ya koma gefe a kan kujerar roba tare da tsofaffi, wannan ya fi ciwon kansa ƙona masa rai. Da ƙyar na ja shi asibiti. Aka yi hoto, likita ya ce ƙashin baya ne ya danne jijiya, ya tambayi yadda yake zama a mota, da na kwatanta masa sai ya ajiye biro ya daɗe yana kallon mijina. Ya ce dole kujera ta tallafi ƙugu, ya zauna a miƙe a tsakiyarta, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ya riƙa fitowa yana miƙe jiki, in kuwa ya ci gaba da zaman karkace ƙafar za ta iya tafiya ba ta dawo ba. A hanyarmu ta komawa gida mijina ya roƙe ni kada in faɗa wa Yaya maganar ƙafar, ya ce ya san halinsa, makulli zai karɓe ya ba wani. Na yi masa alkawari.

Da na ɗauki adashena ban sayi keken zigzag ɗin da na daɗe ina buri ba, na sa ya kai motar wajen wani mai gyaran kujerun mota, na bi shi da kaina na tsaya a kansu. Mutumin ya san aikinsa, ya yi wa ƙarfen walda, ya canza sifirin, ya sa sabon soso mai tauri, ya yi tudu daidai inda ƙugu yake sauka, ya ɗaga gefe da gefe yadda jiki zai zauna cif ba ya zamewa. Ni ce na nace a ɗaga gefunan sosai, kuma ba zan ɓoye muku ba, da gangan na yi, don kujerar ta zama ta mutum ɗaya ko yana so ko ba ya so.

'Yan uwa, na ga mijina ya dawo. Ya riƙa shigowa gida a miƙe, ya ɗauki autarmu ya ɗora a wuya, ranar wata Juma'a ya dawo daga masallaci yana ta murmushi shi kaɗai, sai da na matsa ya ce yau da goshinsa ya yi sujada a ƙasa. Na shiga ɗaki na yi kukan daɗi. Abokansa na tasha sun sa shi gaba da tsiya, suna kiransa oga mai kujerar ofis, suna cewa madam ta ɗaure shi da bel, duk bai dame shi ba, ko dai bai nuna min ba.

Abin da ya karya shi wata tsohuwa ce, Kirista, manomiyar dankali, kowa Mama yake ce mata, ta daɗe tana bin motarsa. Wata yamma ana ruwan nan na Jos mai shiga ƙashi, ta iso lodin ƙarshe mota ta cika, babu wanda ya yarda ya sauka, kujerarsa kuma ba ta ɗaukar mutum biyu. Ya ba ta haƙuri ya tafi. Ashe ba ta samu wata motar ba, ta kwana a rumfar masu kayan miya da jiƙaƙƙen zane, sanyi ya kama mata ƙirji ta kwanta jinya. Da ta warke har gida ta zo da dankali a buhu, ba don ƙorafi ba, gaisuwa ta kawo. Ta riƙe hannuna ta ce da irin Hausarta, "Madam, mijinka mutum mai kyau ne, kada ka yi fushi da shi, shi bai taɓa bari na a hanya ba, wannan rana kujera ne ya hana." Yana zaune yana ji, kansa a ƙasa, har ta tafi bai ɗago ba.

Ni dai na ga tafiyar karkacen ta fara dawowa, na tambaya ya ce sanyin damina ne. Sai ranar da na je sayen zare na biyo ta Tina Junction a keke napep, na hango motarmu tana fita, wani ƙaton mutum zaune a kujerar direba da jaka a cinya, mijina manne da ƙofa, kafaɗarsa a waje. Ashe ya koma wajen mai gyaran, ya sa an yanke tudun gefen dama an baje shi. Da ya dawo na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba, na ce ya zaɓi mutanen hanya a kan 'ya'yansa, na ce in ƙafar ta mutu Mama ce za ta zo ta ɗauke shi zuwa banɗaki ko ni. Bai rama ba, ya bari na gama, sannan ya ce shi bai san yadda ake kallon mutum a madubi yana ƙanƙancewa a cikin ruwa ba, ya gwada sau ɗaya kuma har yanzu yana ganinta. Na san ba ƙarya yake yi ba, halin nan nasa ne ya sa na so shi tun farko.

To ga inda na kasa barci. Kwanakin baya ya dawo da wuri, bai ci abinci ba. Da na takura shi ya ce a wata gangara ya nemi ya taka birki ƙafar ta ƙi tashi, sai ya ce wa fasinjan da ke zaune a rabin kujerar ya ja birkin hannu, motar ta tsaya a bakin rami, mata suna ta salati wasu suna kiran Yesu. Ya ce musu birki ne ya shanye, suka yarda. Ya sake tuna min alkawarina, ya ce zai riƙa kiyayewa, wai zai daina ɗaukar masu jiki sai marasa nauyi, ku ji fa wata dabara.

Na san in na faɗa wa Yaya, ranar zai karɓe makulli, kuma gaskiyarsa ce. Amma na ga mijina lokacin da ya yi jinyar taifot ya zauna a gida, ko magana ya daina, yana zama a ƙofa yana bin kowace mota da ido. In na tona shi, ban san ko zai sake kallona yadda yake kallona ba, a duniya ni kaɗai ya nuna wa wannan rauni. In kuma na yi shiru, ba shi kaɗai ne a motar ba, iyayen wasu ne a ciki, sun ba shi amanar ransu ba su san komai ba. Na yi tunanin in sake gyara kujerar, amma wanda ya yanke sau ɗaya zai sake yankewa.

Yau da safe na fito in miƙa masa fulas ɗin shayi da ya manta, bai san ina tsaye ba. Ya zauna a kujerar, ya sa hannu biyu ya kama cinyarsa ta dama, ya ɗaga ƙafar ya shigar da ita mota ya ɗora a kan birki. Da ya ɗago muka haɗa ido, ya yi min murmushi ya ce, "Maman yara, ki yi mana addu'a."

Na yi addu'ar, ya tafi, yanzu haka yana kan hanya da mutane a bayansa. Lambar Yaya tana cikin wayar nan da nake rubuto muku da ita. Don Allah ku faɗa min, in kira shi in karya alkawarin da na yi wa mijina, ko akwai wata hanyar da zan sauke shi daga wannan kujera ba tare da na rasa shi ba?